Daga Na Kowa zuwa Ba Kowa

"Kowa" kalma ce mai baki biyu. Idan ta tsaya ita kaɗai, duniya ce gaba ɗaya a cikinta: kowa ya zo, kowa ya ci, kowa ya shaida. Da zarar an sa mata "ba" a gaba, sai gida ya koma kango. Mai sallama da ya tsaya a zaure ya ji shiru, da ita yake tambaya: ba kowa ne? Wanda ake son yaba wa sakin fuska da buɗaɗɗen hannu, a ce masa na kowa. Wanda ake son ƙasƙantarwa, a ce ai ba kowa ba ne, in an so ƙara gishiri a ce ba ɗan kowa ba ne. Maraya ko baƙon da ya rasa madafa kuwa, a ce ba shi da kowa sai Allah. Haruffa huɗu ne ke ɗauke da cikar kasuwa da shirun maƙabarta, kuma mai magana yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tare da ya ji ya yi tafiya ba.

Wannan kalma ce ke ta dawo wa mai karatu a rai idan ya ɗauki Drop City, ƙagaggen labarin da marubucin Amurka T. C. Boyle ya fitar a 2003. Labarin yana faruwa ne a 1970, lokacin da yaƙin Biyetnam ke cin samarin Amurka, wasu daga cikin 'ya'yan masu rufin asiri kuma suka juya wa jami'a da aikin ofis da kakin soja baya. Su ne 'yan hifi, masu barin gashi da gemu, masu kiɗa da wiwi da ƙwayar LSD, waɗanda da yawansu suka bar birni suka koma karkara don kafa zaman tarayya: tukunya ɗaya, aljihu ɗaya, ba shugaba, ba doka. Rabin farko na littafin yana wata gona a gundumar Sonoma ta jihar Kalifoniya, wadda wani mai suna Norm Sender ya gada, ya buɗe ƙofarta bisa aƙidar cewa ba a hana kowa shiga. Da hukuma ta taso za ta rushe wurin, sai jama'ar suka cika tsohuwar motar 'yan makaranta, har da awakinsu, suka ratsa Kanada zuwa tsakiyar Alaska, inda kawun Norm ya bar wata bukkar katako a bakin kogi. Sun tafi ne da imanin cewa can ba kowa. Littafin dai tafiya ce daga bakin kalmar na farko zuwa na biyu, kuma abin da yake nunawa shi ne mafarkan nan biyu da ake ɗauka kishiyoyin juna, uwarsu ɗaya. Mai son wurin da yake na kowa da mai son wurin da ba kowa, abu guda suke gudu: wani mutum takamaimai, mai suna da fuska, wanda yake bin su bashi.

Boyle bai ƙirƙiri wannan duniya daga iska ba. Sunan ya aro shi daga wani sansani na gaske da wasu matasa masu zane suka kafa a 1965 kusa da garin Trinidad a jihar Kolorado, inda suka riƙa sare rufin matattun motoci da gatari suna haɗa ɗakuna masu siffar ƙoƙo. Jaridu suka yayata wurin, baƙi suka yi ta kwarara, waɗanda suka kafa shi suka tattara suka bar shi, a cikin shekarun 1970 ya zama kufai. Aƙidar buɗaɗɗiyar ƙofa kuwa ta Lou Gottlieb ce, wani makaɗi mai digirin digirgir a ilimin kiɗa, wanda ya buɗe gonarsa ta Morning Star a wannan gunduma ta Sonoma daga 1966. Da hukumomin lafiya da kotu suka matsa masa da tara da umarnin korar baƙi, sai a 1969 ya rubuta takarda ya mallaka wa Allah filin. Alƙali ya ƙi amincewa, bisa hujjar cewa dokar jihar ba ta ɗauki Ubangiji a cikin waɗanda ake yi wa rajistar fili ba. Mutum zai iya murmushi, amma tambayar kotun tana da nauyi: idan masai ya cika, ko yaro ya kamu da ciwon shawara, wa za a aika wa sammaci? Kotu suna take nema, Gottlieb kuma sunan ne yake son gogewa. Daga baya motocin rusau suka shiga suka baje bukkokin.

Inda alƙalamin Boyle ya fi kaifi shi ne wurin da ya sunkuya ya dubi ƙasa. Gonar Norm tana da hasken rana da kiɗa da raye-raye, amma mai tafiya cikin ciyawa sai ya lura da inda yake sa ƙafa, domin mutane sun fi ƙarfin makewayi, kowa ya ji matsuwa sai ya zaga bayan itace. Kwanuka na jibge a madafa. Idan aka leƙa don ganin hannun da ke cikin ruwan wanke-wanke, sai a tarar hannun mata ne, irin su Star, budurwar da ta baro gidan iyayenta a jihar New York don neman 'yanci, ta wayi gari tana tatsar awaki da dafa abincin taron mutanen da ba ta san sunan rabinsu ba. Ramin bahaya da ake ta shawarar haƙawa, wanda ya ɗauki shebur da gaske shi ne Marco, saurayin da ya guje wa aikin soja, saura na inuwa. Har jikin mace an sa shi cikin kayan tarayya da sunan soyayya marar shinge, wadda ta ce a'a kuma a ce kanta bai waye ba. Da aka ci zarafin wata yarinya ƙarama da ta gudo daga gida, taron da aka kira ya kasa yanke hukunci mai haƙori, domin wurin da ba a hana kowa shiga, da wuya a sami bakin da zai ce wa wani fita. Wata 'yar gwagwarmayar mata ta wancan zamani, Jo Freeman, ta yi wannan bayani a wata maƙala tun farkon shekarun 1970: taron da ya ce ba shi da shugabanni yana da su, sai dai ba a zaɓe su ba, saboda haka ba a iya tuhumarsu. A gonar Norm mai kuɗin sayen shinkafa da mai ƙarfin murya su ne sarakuna, ko da yake ba wanda ya naɗa musu rawani.

Abin lura shi ne yadda karin magana ke riƙe wannan kalma. Da wuya ta sake ta ta yi yawo ita kaɗai. Kusan kullum tana ɗaure mata aiki a ƙugu, ta kuma biyo ta da sakamako. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Kowa ya kwana lafiya, shi ya so. A duk waɗannan, kalmar ba taro take kira ba. Mutum ɗaya take jira a bakin hanya, duk wanda ya taka wannan sawu, ta miƙa masa lissafinsa a hannu. Ƙofarta a buɗe take, domin ba ta ware sarki ko talaka ba, amma wanda ya shigo da ƙafarsa ya shigo, da bakinsa kuma zai sha zafin. 'Yan gonar Norm sun riƙe rabin farko na wannan hikima suka yar da na biyu. Sun so "kowa" wadda ke da haƙƙin ci, ba ta da aikatau a bayanta. Shi ya sa abincin ya zama na kowa, tukunyar da aka dafa shi ta zama ta ba kowa, har wata ta gaji da ganinta ta wanke. Ga kuma matsalar yawa, wadda Bahaushe ya gama magana a kanta da ya ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙauna da amana su ne man zaman tarayya, kuma ba sa ƙaruwa da yawan masu sauka daga mota.

Sai labarin ya juya arewa, inda wata rayuwa ke tafiya tun kafin motar ta iso. Sess Harder maharbi ne mai ɗana tarko, yana zaune a bukkar da ya gina da hannunsa, yana da karnukan jan kaya a kan ƙanƙara. Matarsa Pamela 'yar birnin Anchorage ce da ta yanke shawarar cewa zaman birni ya lalace, ta yi cigiyar miji mazaunin daji, ta gwada manema ta zaɓi Sess. Shekararsu lissafi ce tsantsa. Bazarar ƙasar gajera ce, a cikinta za a kama kifin salmon a shanya don mutane da karnuka, a noma ɗan lambu, a sare itacen da zai kai watanni, a toshe kowace kafa a jikin bango, da kaka kuma a harbi babbar dabbar da namanta zai raka gida zuwa ƙarshen sanyi. A tsakiyar Alaska sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, a birnin Fairbanks kuma rana ba ta cika awa huɗu a sama a ƙarshen Disamba. Boyle ya ɓoye wani ƙulli mai kyau a nan: dattijon da ya koya wa Sess sana'ar, ya bar masa layin tarkunansa, shi ne Roy Sender, kawun Norm ɗin nan. Gado ya rabu biyu ke nan. Ɗan ɗan'uwa ya sami bukka ta hanyar jini, almajiri ya sami ilimi ta hanyar hidima, sanyi kuma ya zo ya nuna wanne ne gadon da ake ci.

Maganar cewa dajin ba kowa, tun daga tushe ba ta da ƙafa. Kogunan da 'yan hifi suka ɗauka shafi ne da ba a taɓa rubutu a kansa ba, ƙabilun Atabaska sun shafe dubban shekaru suna kamun kifi da farauta a bakinsu, kowane kwari da sunansa, kowane mashigi da masu shi. A shekarar da labarin ke faruwa, rigimar mallakar ƙasar Alaska tana kan ganiyarta, domin an gano man fetur a Prudhoe Bay a 1968, kuma ba a iya shimfiɗa bututu sai an warware da'awar 'yan asalin ƙasar. A Disamban 1971 aka sa hannu a dokar da ta bar musu eka miliyan 44 da diyyar kusan dala biliyan ɗaya, a madadin sauran. Wannan makanta tsohuwa ce a tunanin Amurka. Kwarin Yosemite da ake nunawa a hotuna a matsayin daji budurwa, sai da mayaƙa suka shiga a 1851 suka fatattaki mazaunansa. Dokar kare daji ta 1964 ta siffanta daji na ainihi da wurin da ɗan'adam baƙo ne mai wucewa. Sau da yawa idan aka ce wuri ba kowa, abin da ake nufi shi ne mutanen wurin ba kowa ba ne, kuma tazarar da ke tsakanin jimlolin nan biyu ita ce tarihin nahiyar. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. A nan ma littafin yana da nasa gibin, domin 'yan asalin ƙasar suna gefen labarin ne kawai, rigimar duka ta baƙi ce tsakaninsu.

Sanyi shi ne alƙalin littafin, kuma ba ya karɓar uzuri. A Kalifoniya malalaci yana iya fakewa a cikin taro, domin yanayi mai sauƙi ne, kanti na kusa, akwai tallafin abinci na gwamnatin da ake zagi, akwai kuma aljihun Norm. Wato akwai dubban mutanen da ba a gani, manoma da direbobi da masu biyan haraji, waɗanda ke ɗauke da nauyin wanda ya ce ya fita daga tsarin. A bakin kogin Alaska waɗannan hannaye sun yi nisa. Itacen da ba a sara a watan Agusta ba, ba za a ji ɗuminsa a Janairu ba, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Duhu ya sauka, mutane suka cunkushe a ɗakunan da ba a gama ba, ƙananan halaye suka zama manyan laifuffuka. Norm, mai wa'azin 'yan'uwantaka, ya sami hanyar ficewa ya bar jama'arsa. Ronnie, abokin tafiyar Star tun daga gida, wanda ya raɗa wa kansa sabon suna ya ɗauki kansa maharbi, ya kwashi abin da jama'a suka dogara da shi ya koma wajen Joe Bosky, matuƙin jirgin da ke harbin kyarkeci daga sama, ƙarshensu kuma bai yi kyau ba. Daji bai canza halin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya dai cire labulen da ke tsakanin aikin mutum da sakamakonsa.

Mai ja zai ce Boyle marubucin ba'a ne, ya zaɓi sansani mafi rikici don ya sami abin dariya, bai kamata a yi wa zamani guda hukunci da ƙagaggen labari ba. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma tarihi ya ba da misalan da suka rayu. Sai dai idan aka duba yadda suka rayu, hujjar littafin suke ƙarfafawa. Twin Oaks, da aka kafa a jihar Bajiniya a 1967, tana nan har yau da mutane kusan ɗari, aljihunsu ɗaya. Sirrinta takarda ce: kowane mamba yana da adadin awoyin aiki a mako, wajen arba'in, ana rubuta su da sunansa, kuma awar reno da ta girki daidai take da awar saƙa ko gyaran mota. Mutum yana zaɓen aikin da yake so, ban da wanke-wanke, wanda ke zagayowa kan kowa. Mai son shiga sai ya yi zaman gwaji na mako uku, sannan a yi shawara a kansa. The Farm kuwa, wadda Stephen Gaskin ya kafa a Tenesi a 1971 bayan ya jagoranci ayarin motocin 'yan makaranta daga San Faransisko, ta haura mutum dubu, bashi ya kusa durƙusar da ita, sai a 1983 ta sauya tsari aka ce kowane baligi ya nemi abin kansa ya biya kuɗin zama. Mafi yawa suka watse, saura suka tsira, aikin unguwarzoma da Ina May Gaskin ta assasa a wurin kuma ya yi suna a duniya. Wani masanin halayyar al'umma, Richard Sosis, ya bi tarihin sansanonin tarayya 200 na Amurka a ƙarni na 19, ya tarar bayan shekara 20 kashi 39 cikin ɗari na masu tushen addini suna raye, na waɗanda ba ruwansu da addini kuwa kashi 6 ne kacal. Inda ake neman abu mai tsada daga mutum, kuma ya yarda akwai wanda zai tambaye shi, nan zama ke daɗewa.

Wani kuma zai ja ta ɗaya gefen, ya ce to ai magana ta ƙare, abin tarayya ba ya albarka, a raba kowa ya kama nasa. Wannan ita ce fahimtar da aka yi wa shahararriyar maƙalar Garrett Hardin ta 1968, mai cewa makiyayar da ta zama ta kowa ƙarshenta ƙwaƙule, domin ribar ƙarin saniya ta mai ita ce, asarar ciyawa kuma ta jama'a. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana nuna inda wannan lissafi ya yi tuntuɓe. Ta kawo misalin ƙauyen Törbel a tsaunukan Suwizalan, inda makiyayar tarayya ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta lalace ba. Wata ƙa'idarsu ta 1517 ta ce ba mai kai shanu makiyayar bazara fiye da adadin da zai iya ciyarwa da sanyi. A can ma sanyi ne ma'auni, sai dai su sun mai da shi doka tun kafin ya zo ya yi musu hukunci. Sharaɗi na farko da Ostrom ta gano a irin waɗannan wurare shi ne a san iyakar abin, a kuma san su wa ke da haƙƙi a cikinsa. Aikin gayya ma haka yake tafiya: mai gona yana bin mutane gida-gida yana gayyata, yana tanadin fura da tuwo, an san wanda ya zo da fartanya da wanda ya noƙe, ranar gayyar wanda ya noƙe kuma za a tuna. Tarayya tana yiwuwa, har tana daɗewa fiye da mallakar mutum ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne tarayyar da ba ta san mutanenta ba.

Akwai kuma karatun da ke mai da Sess gwarzon littafin, namijin duniya mai dogaro da kai, kishiyar malalatan 'yan hifi. Boyle bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Sess yana da zafin zuciya da shan giya, gabarsa da Bosky kuma ta kai shi ga wautar da ba ta gaza ta kowane ɗan hifi ba: an harbe masa karnuka, shi kuma ya jefa motar abokin gabarsa a kogi. Sanyin da ya taɓa yi da wata mace kafin Pamela ya ƙare da gudunta. Harsashinsa da garin fulawarsa da gishirinsa daga kanti suke, fatun da yake tarawa kuma sai an sami masu sayen rigar gashi a birane kafin su zama kuɗi. Mai zaman kaɗaici na adabin Amurka kullum akwai wani a bayansa. Henry David Thoreau, wanda ya zauna a bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847 ya kuma zama uban wannan mafarki, a filin abokinsa Emerson ya gina bukkarsa, da aron gatari ya fara sare itacen, yana kuma taka ƙafa zuwa garin Concord a kai a kai. Wanda ya ɗauki mafarkin da gaske har ya yanke kowace igiya, irin Christopher McCandless da ya shiga dajin Alaska shi kaɗai a 1992, gawarsa maharba suka tarar a cikin wata tsohuwar mota bayan 'yan watanni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ko a ƙasar da ba a rufi da ciyawa.

Ja mafi nauyi shi ne na zuciya. Idan amsar ita ce a sa ƙyaure, a rubuta sunaye, a yi wa baƙo gwaji, ina makomar wanda ba shi da kowa? Gonar Gottlieb ta zama mafaka ga yaran da suka gudo daga gidajen da ba su zaunuwa, da waɗanda birni ya tofar. Duk ƙofar da aka rufe, a kan irin waɗannan take fara rufuwa, kuma ba a rasa mugunta a tarihin al'ummomin da suka iya tsare iyakarsu. Wannan ja ba a ture shi gaba ɗaya, kuma bai kamata a yi ƙoƙarin hakan ba. Abin da za a iya cewa shi ne buɗaɗɗiyar ƙofar ba ta kare masu rauni ba. Yarinyar da aka ci zarafinta a gonar Norm ta wannan ƙofa ta shigo, masu cin zarafin ma ta nan suka shigo, kuma da abin ya faru ba a sami wanda zai ce amanarta a wuyansa take ba. Karɓar baƙo aiki ne da wani ke yi: wani ya tashi ya ba shi ruwa, wani ya matsa masa a shimfiɗa, wani ya tambayi sunansa ya riƙe. Makaɗan Hausa sun san wannan sirri. Mawaƙi a filin biki ba ya tsayawa yana yabon jama'a a dunƙule, sai ya kama sunan wane ɗan wane, ya ambaci garinsu da sana'arsa, sannan hannu ke shiga aljihu. Mamman Shata ya yi wa sarakuna da direbobi da 'yan kasuwa waƙa, kowanne da sunansa. Ko wanda ake yi wa kirari da na kowa, ya sami sunan ne domin ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya je sunan wannan, ya yi ta'aziyyar wancan.

A nan ne littafin ya fi ba'a zurfi, domin bai ƙare da rushewa ba. Waɗanda suka rage a bakin kogin sun ragu ƙwarai, amma sun fara sanin juna da aiki. Marco ya bi Sess ya koyi ɗana tarko da tuƙa karnuka, kamar yadda Sess ya bi Roy, ilimin da ya tsallake ɗan ɗan'uwa ya sami wani magajin. Star da Pamela, wadda ta gudo daga gida da wadda ta gudo daga birni, suka zama maƙwabta masu ziyartar juna. Ba wanda ya ci gardamar aƙida tsakanin maharbi da ɗan hifi, kuma Boyle bai damu da ya raba musu ita ba. Abin da ya tsira daga mafarkan biyu ƙarami ne idan aka gwada da abin da aka yi alkawari a farkon tafiya, domin an yi alkawarin sabuwar duniya, aka samu maƙwabtaka. Amma maƙwabtaka tana da abin da sabuwar duniyar ta rasa: idan hayaƙi bai tashi daga bututun bukkar can ba da safe, akwai mutumin da ya san aikinsa ne ya ɗaura takalman ƙanƙara ya je ya duba, ya kuma san za a yi masa haka ranar da nasa ya ƙi tashi. Zamanin 'yan hifi ya bar wa Amurka abubuwa da dama, daga kantunan abincin da ba a sa wa taki na zamani ba zuwa kula da muhalli da dawowar haihuwa a gida, kuma kusan kowanne ya rayu ne a hannun waɗanda suka yarda a rubuta sunansu a jadawalin aiki, suka kuma fito ranar da layi ya zo kansu.